Haƙƙin Majami'ar Ƙauye a Wuyan 'Ya'yanta na Birni

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukan ƙasar Zazzau, ko kudancin Katsina wajen Malumfashi da Kafur, ko yammacin Kano da kudancinta, ba zai rasa ganin wani ɗan dogon gini a gefen gari ba, galibi na ƙasa da rufin kwanon da ya yi tsatsa, an kafa gicciyen katako a goshinsa, ga wata bishiya a gaba an rataya mata tsohon wilin mota maimakon ƙararrawa. Wannan ita ce majami'ar ƙauye, kuma masu taruwa a cikinta Hausawa ne manoma, mafi yawansu 'ya'ya da jikokin Maguzawa, waɗanda da Hausa suke addu'a, da ita suke waƙa, da ita kuma suke yi wa matattunsu jana'iza. Na ɗauki alƙalami a kan sha'aninsu ne domin ina ganin akwai wani haƙƙi nasu da ya daɗe a wuyan mutane bai sauka ba, kuma waɗanda ya fi rataya a kansu su ne 'ya'yan da waɗannan majami'u suka rena, suka koya wa karatu, suka sallama zuwa birni, tare da shugabannin ikilisiya mazauna manyan garuruwa. Na kawo maganar a jaridar kowa da kowa, ko da yake wani zai ce ta cikin gida ce, domin na tabbata mai karatu Musulmi, in ya tuna da limamin ƙauyensu da malamin allon da ya fara koya masa babbaƙu da farfaru, zai gane mas'alar tun kafin in gama shimfiɗa ta.

Ranar Lahadi da hantsi, bayan an sallami dabbobi an kuma gama ɗibar ruwa, wani yaro zai ɗauki guntun ƙarfe ya bugi wilin nan karo na farko, bayan ɗan lokaci ya sake bugawa, jama'a su riƙa ɓullowa ta hanyoyin gona, gama zaman Maguzawa tun asali haka yake, kowane babban gida a tsakiyar gonakinsa, nesa da na kusa da shi. Maza su zauna gefe guda, mata gefe guda, yara a gaba bisa tabarma, dattawan ikilisiya kuwa kusa da teburin da aka lulluɓe da farin ƙyalle. Mai bishara ya faɗi lambar waƙa daga Littafin Waƙoƙi, alhali littattafan da ke ɗakin duka ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma ba bakin da zai yi shiru, domin tsofaffin da ba su taɓa riƙe alli ba sun haddace baitocin tun suna ajin baftisma. In an zo kan Zumuntar Mata kuwa, nan ne sujadar ke ɗaukar zafi: su miƙe cikin zanensu iri ɗaya, guda ta rungumi tulu tana bugun bakinsa, wata da caki, wata da ganga, mai bayarwa ta bayar saura su amsa, da waƙoƙin da su da kansu suka tsara bisa muryar waƙar daka da ta niƙa. Na sha lura cewa abin da mace ta ji nauyin faɗa wa mijinta a ɗaki, game da shan giya ko barin yara ba kuɗin makaranta, a bakin Zumunta yake fitowa ranar Lahadi cikin rigar wa'azi, mazan kuwa su sunkuyar da kai su karɓa, tun da ba wanda aka kama sunansa.

Amma da za a tambaye ni wane sashe na sujadar ne ya fi bayyana matsayin majami'a a rayuwar ƙauye, sai in ce sanarwa, wadda sau da yawa takan fi wa'azin kansa tsawo, har baƙon da ya zo daga birni ya ƙosa yana duban agogo. Magatakarda zai miƙe da ɗan littafinsa ya karanta cewa wane yana kwance a asibiti, a tara abin da ya sawwaƙa. Ɗakin wance gwauruwa ya faɗi da ruwan shekaranjiya, samari su fito ranar Talata a tashe shi. Ranar Alhamis akwai gayya a gonar ikilisiya, kowane gida ya turo mutum da fartanyarsa. Masu allurar rigakafi suna tafe, kada wata uwa ta ɓoye ɗanta. An sa ranar auren wane da wance, wanda ya san wani dalilin da zai hana ya zo ya gaya wa dattawa tun da wuri. A wurin da ba ofishin hukuma, ba likita, dagaci ma sai an yi tafiya kafin a iske shi, wannan rabin sa'a ita ce majalisar gari, a cikinta ake sanin wanda ya kwana da yunwa, a cikinta kuma ake yanke wanda zai kai masa ɗauki. In kaka ta yi, sai a sa ranar godiya, a kawo dammunan dawa da gero, da buhunan masara, da ƙwaryar wake, da kaji ɗaure a ƙafa, wani lokaci har da akuya, a jibge a gaban majami'a a yi addu'a, a yi gwanjon wani, a zuba saura a rumbun ikilisiya domin tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke yankewa a gidajen marasa ƙarfi kafin sabo ya nuna. A ƙauyuka da dama, in Kirsimeti ta zo, maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka dabbar, domin shinkafar da naman su shiga kowane gida ba tare da shubuha ba, kamar yadda naman layya ke shigowa gidajen Kirista da Babbar Salla.

Dukan wannan kuwa a kan mutum ɗaya yake juyawa, wanda waɗansu ɗariku ke kira mai bishara, waɗansu katikis, mutanen gari kuma, Musulminsu da Kiristansu, su kira shi Malam kawai. Galibi ba a naɗa shi fasto ba, saboda haka baftisma da Jibin Ubangiji sai an jira limamin da ke lura da majami'u masu yawa ya zo bisa babur, in hanya ta biyu. Amma duk sauran nauyin nasa ne, dare da rana. Shi ne mai wa'azi, shi ne malamin yaƙi da jahilci da rani, shi ake tasa da tsakar dare in naƙuda ta yi gardama a nemi abin hawa, shi ke zama tsakanin miji da mata har a shirya, shi ke raka mai ƙarar iyakar gona gaban mai unguwa, shi ne kuma ke wakiltar jama'arsa wajen suna da ta'aziyya a gidajen maƙwabta Musulmi, inda sau da yawa gaisuwar da ya yi da ladabi ke kashe wutar da ba a ma san ta fara hayaƙi ba. Bayan wannan duka sai ya ɗauki fartanya ya nufi gonarsa, domin ɗan abin da ake kira albashinsa, wanda daga baikon manoman nan yake fitowa, ba ya kai shi ƙarshen wata, a shekarar da damina ta gaza kuwa sai ya yi watanni yana bin bashinsa bai faɗa wa kowa ba.

Matarsa ma tana cikin aikin dumu-dumu, ita ke jan Zumunta, ita ke dafa wa baƙi, ita ke kwana wurin mai jego, ba kuwa a taɓa rubuta sunanta a takardar biya ba. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne ƙarshen al'amarin: tun da a gidan ikilisiya ya yi zamansa, ana kuma ɗaga shi daga wannan ƙauye zuwa wancan, ranar da tsufa ya kama shi aka yi masa sujadar ban kwana, aka ba shi turmin atamfa da agogon bango, sai ya wayi gari ba shi da ɗakin kansa, ya koma raɓe a gidan ɗan'uwa, shi da ya ɗaura wa rabin garin aure ya kuma binne iyayensu.

Kada wani ya ɗauka aikin irin wannan majami'a ƙarami ne, ko kuwa fa'idarsa ta tsaya kan Kirista kaɗai, gama tarihin Wusasa ya isa hujja. Likita Walter Miller, wanda ya zo cikin ayarin Bishop Tugwell a 1900 aka sallame su daga Kano a zamanin Sarki Alu, ya zauna cikin birnin Zariya tun daga 1905 yana magani yana koyarwa, har wajen 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka same shi, wato mabiyan Malam Ibrahim, malamin nan da aka kashe a Kano cikin ƙarni na 19 saboda abin da ya riƙa koyarwa game da Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada, sai ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa, ƙauyen ya watse. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, a gindin dutse, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin magina Hausawa, wadda tana nan tsaye har yau, tare da makaranta da asibiti. Bayan shekara uku kuma, a 1932, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Miller ya ba shekaru masu yawa na rayuwarsa. Daga wannan 'yar al'umma, wadda a lokacin ba ta wuce ƙauye ba, aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda kuma babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Aka sami Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawan nan, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Aka sami John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da ɗaliban Hausa ke karantawa har gobe. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, a gidan mahaifinsa mai aikin bishara wanda ya taso daga ƙasar Angas.

Lalle Wusasa ta sami abin da sauran ƙauyuka ba su samu ba, wato Turawa likitoci da kuɗin ƙetare. Amma abin da ya faru a can da yawa ya sake faruwa da kaɗan-kaɗan a ƙauyukan Maguzawa, musamman daga shekarun 1970, lokacin da jama'a masu yawa suka bar bautar gargajiya, waɗansu suka musulunta, waɗansu suka shiga ikilisiya. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da sojoji da akawuna da yawa da ke Kano da Kaduna da Abuja a yau, in sun faɗi gaskiya, a kan bencin majami'ar ƙauye suka fara haɗa baƙi da wasali, a hannun wani Malam da ya saya musu alli daga aljihunsa.

To, yaya aka saka wa wannan majami'a? A tsarin yawancin ɗariku, kowace majami'a, komai ƙanƙantarta, tana aika wani kaso na baikonta da zakkarta zuwa gunduma, gunduma kuma ta aika sama, kuma abin da ido ke gani shi ne kuɗin sun san hanyar hawa fiye da hanyar saukowa. Dattawan ƙauye sukan sayar da hatsin rumbun nan domin su cika kason da aka ɗora musu, don kada a karanta sunan majami'arsu cikin masu bashi a taron gunduma su ji kunya, alhali Malaminsu na bin watanni, rufin kuma na yoyo a kan masu sujada. A daidai wannan lokaci majami'un birni suna rushe ginin da bai tsufa ba su tayar da wanda ya fi shi, suna gasar hasumiya da na'urar sanyaya ɗaki da motar babban fasto. Har ta kai, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne ga duk wanda ya san sha'anin, in aka tura ma'aikaci ƙauye sai abokansa su riƙa yi masa jaje suna tambayar laifin da ya yi, wato wurin da ya fi bukatar gwani ya zama wurin horo. Wannan tatsar saniya ce ba tare da ba ta harawa ba, kuma ban ga ta inda za a kira shi adalci ba, balle a kira shi riƙon amana.

'Ya'yan ƙauyen da ke birni su ma suna da nasu kason na alhaki, ina kuwa faɗar haka da ƙauna, domin na san da yawansu suna ɗauke da iyaye da ƙanne a kan ɗan albashi. Sai dai al'adar da ta kafu ita ce a zo gida da Kirsimeti ko ranar jana'iza, a zauna a kujerar gaba, in an buɗe gidauniya a miƙe a faɗi adadi mai kauri a yi tafi, a ce a gina ƙofar shiga ko a sayo janareta da lasifika, sa'an nan a kaɗa mota a tafi, ba a kuma waiwayowa sai baɗi. Ƙofa da lasifika ba laifi ba ne, amma ba su ne farilla ba. Farillar ita ce mutumin da zai tsaya a bayan lasifikar ya ci ya ƙoshi, 'ya'yansa su yi karatu. Da mutum goma daga ƙauye ɗaya za su yi alkawarin ɗan abin da ba zai gagare su ba kowane wata, su riƙa aikawa ta waya a hannun ma'aji da sanin dattawa, ba tafi ba sanarwa, da sun yi abin da gidauniyar shekara goma ba ta yi ba.

Wajibi ne in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, domin tana da nauyi. Shugabanni za su ce kason da ake karɓa da shi ake riƙe makarantun horar da ma'aikata, da asibitoci, da masu bishara da aka tura inda ba majami'a ko ɗaya, kuma wannan gaskiya ne. Fasto matashi kuma zai ce shi bai ƙi ƙauye don girman kai ba, illa dai yana da yara, makarantar garin kuwa ba malami, ga 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan Katsina da Zamfara da Kaduna cikin shekarun nan, suna kwashe Musulmi da Kirista, suna kuma ɗaukar malamin addini a matsayin kamu mai tsada. Wannan ma gaskiya ne, ba kuwa zan zargi uban da ya ji wa 'ya'yansa tsoro ba. Amma in aka duba da idon basira, waɗannan hujjoji ƙara wa maganata ƙarfi suke yi. In zama a ƙauye ya fi wuya ya kuma fi haɗari, ai mai zaman ne ya cancanci lada mafi tsoka, kuma hanyar yin haka sananniya ce: a tara albashin dukan ma'aikata a asusu ɗaya na gunduma, a biya na ƙauye da na birni daga tukunya guda a rana guda, a ƙara wa na ƙauye wani abu saboda wahalar wuri, a ɗauke wa majami'ar da ba ta iya riƙe Malaminta kason da ake karɓa har ta miƙe, a ɗauki nauyin karatun 'ya'yan masu bishara a makarantun ikilisiya, a kuma tanadar wa kowannensu fili da ɗaki tun yana da sauran ƙarfi. Kowace babbar majami'ar birni tana iya ɗaukar majami'ar ƙauye guda ta riƙe amana shekara da shekaru, ta san sunayen dattawanta da abin da ke damunsu, maimakon ziyarar yini ɗaya da buhun tsofaffin tufafi da masu ɗaukar hoto.

Akwai kuma mas'alar harshe, wadda nake ganin ana yi mata riƙon sakainar kashi. Horon ma'aikata ya koma Turanci kusan gaba ɗaya, har matashi ya fito da shahada mai daraja, ya tsaya a gaban tsofaffin manoma yana yanka wa'azi rabi da Turanci, yana fassara wa kansa da Hausar da ta kasa tsayawa da ƙafafunta, jama'a su ce amin don ladabi su fita ba su ƙaru da komai ba. Waɗanda suka yi wahalar fassara Littafi Mai Tsarki sun yi ta ne domin manomi ya ji maganar da kunnensa, ya auna ta da hankalinsa, ba tare da tafinta ba. Ya kamata makarantun da ke koyarwa da Hausa a ƙarfafa su, a daina ɗaukarsu na waɗanda suka kasa, a riƙa tara masu bishara da rani, bayan an gama shigar da amfanin gona, a sabunta musu ilimi na 'yan makonni, a kuma sauƙaƙa kuɗin Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, a buga masu manyan baƙaƙe saboda idon tsofaffi, gama gidaje da yawa littafi ɗaya suke karɓa-karɓa, shi ma bangonsa ya rabu.

Hukuma ma tana da nata kason na alhaki, ko da yake ba ita na nufa da wannan takarda ba. Mutanen nan talakawan sarakunan ƙasar ne tun kaka da kakanni, suna jefa ƙuri'a kamar kowa, saboda haka rijiyar burtsatse da makarantar firamare da malamin da zai koya wa 'ya'yansu addininsu a cikinta, da filin maƙabarta in ta cika, haƙƙinsu ne na 'yan ƙasa, bai kamata sai sun yi ta kai gwauro suna kai mari kafin su samu ba.

Ga shugabannin ikilisiya kuwa, roƙona ƙarami ne, ba ya kuma bukatar kuɗin ƙetare ko izinin kowa. A taron gunduma mai zuwa, kafin a karanta rahoton gine-gine, a kira masu bisharar ƙauyuka su shigo cikin majalisar su zauna, maimakon a bar su a waje ƙarƙashin bishiya suna jiran a fito a gaya musu inda aka mayar da su. A tambayi kowannensu wata nawa yake bi, da yaransa nawa ke zaune a gida saboda kuɗin makaranta, da inda zai koma in ya tsufa, magatakarda ya rubuta amsar a littafin taro, a biya bashin nan tukuna sa'an nan a buɗe maganar siminti da kwano.